Karyar farauta da kadojin fadama: nazarin lamarin wani maharbin agwagi a Luwiziyana

## Wurin, mutumin da karyar

Kudu maso yammacin jihar Luwiziyana ta Amurka ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faifai. Daga arewa gonakin shinkafa ne, daga kudu kuma fadama ce mai ciyayi da tabkuna har ta je ta haɗe da Tekun Meksiko. Nan agwagin daji suke yada zango idan sanyin Kanada da jihohin arewa ya koro su, shi ya sa garin Gueydan na gundumar Vermilion yake yi wa kansa kirari da babban birnin agwagin Amurka.

Mutumin da wannan nazari ya shafa makaniken injunan gona ne, ya haura shekara 40. Shi da abokansa uku sukan kama hayar wani yanki na fadamar duk shekara don harbin agwagi. A cikin yankin akwai tabki wanda zurfinsa bai wuce gwiwa ba, santimita 40 zuwa 60, ƙasansa baƙin taɓo. Ta gabas da shi akwai tsohuwar hanyar ruwa irin waɗanda kamfanonin mai suka yayyanka a fadamun jihar, zurfinta kusan mita 2. Bukkar da suke ɓuya a ciki a bakin wannan hanyar ruwa take, domin nan ne jirgi mai inji yake isa ba sai an yi ta turi da gora ba. Masaukinsu ma a kanta yake, kamar mita 300 daga bukkar.

Karyar baƙa ce 'yar nau'in Labrador, shekararta 3, nauyinta kilo 27. Aikinta ya sha bamban da na karnukan farautarmu masu bin zomo a guje. Ita zama take yi a gefen maigidanta har sai agwagwa ta faɗo, sannan ta shiga ruwa ta yi iyo ta ɗauko ta a baki ba tare da ta tauna ba. Dokar tarayya ta wajabta wa maharbi ya yi iya ƙoƙarinsa ya ɗauko duk tsuntsun da ya harbo, kuma a cikin ciyawar fadama hancin kare ya fi idon mutum nesa ba kusa ba.

Sai kuma mai gidan na asali, wato kada. Nau'in Amurka ne mai faffaɗan baki wanda babu irinsa a Afirka, ɗan'uwan kadan kogunanmu ne amma danginsu daban. A 1962 Luwiziyana ta hana farautarsa kwata-kwata saboda masu neman fata sun kusa ƙarar da shi. An sake buɗe farautar bisa ƙa'ida a gundumar Cameron a 1972, a 1987 kuma gwamnatin tarayya ta bayyana cewa ya farfaɗo. Yau hukumar namun daji da kifi ta jihar tana ƙiyasta sun haura miliyan 2 a daji.

## Satumba, shekara ta farko: asubar da abin ya fara

Agwagwar da take fara isowa ita ce ƙaramar nan mai shuɗin fiffike da suke kira til. (Wata 'yar'uwarta ta kusa takan taso daga Turai ta yi hunturu a fadamar Hadejia da Nguru.) Saboda tana wucewa da wuri, ana buɗe mata gajeren lokacin harbi a Satumba, kwana 16 aka saba, a 2025 aka rage zuwa 9. Satumba kuwa a Luwiziyana zafi ne tsagwaronsa. Ruwan tabki ɗumi kamar na wanka, kada yana ganiyarsa, domin ya fi kuzari tsakanin digiri 28 da 33. Ƙwayayen da macen ta saka a Yuni ko farkon Yuli suna ƙyanƙyashewa daga tsakiyar Agusta zuwa farkon Satumba, uwar kuma ba ta nisa da 'ya'yanta.

Doka ta ba da damar fara harbi rabin awa kafin fitowar rana. A asuba ta uku, gari bai gama wayewa ba, suka harbo til uku. Biyu sun faɗa tabki, ɗaya iska ta kaɗa ta zuwa bakin hanyar ruwan. Karyar ta ɗauko biyun, ta koma ta uku. Tana dawowa da ita a baki, saura kamar mita 15 ta iso, abokin mutumin ya hango ruwa yana darewa biyu a bayanta, a tsinin darewar kuma ƙananan tuddai uku, idanu biyu da hanci. Karyar ba ta san abin da ake ciki ba. Ta hau katakon bukkar ta kakkaɓe jiki, abin da ke bayanta ya tsaya kamar mita 4 daga katakon, ya nutse ko kumfa bai bari ba.

Maharban wurin suna da hanyar kintace: tazarar da ke tsakanin hanci da ido, kowane inci ɗaya daidai yake da ƙafa ɗaya ta tsawon jiki. Suka kintata inci 9, ke nan ƙafa 9, wajen mita 2.7. Ranar mutumin ya ɗaure karyar har suka tashi. Washegari ya sake zuwa da ita, domin abokansa sun ce shekara nawa suna harbi a nan abu bai taɓa faruwa ba.

## Satumba zuwa Janairu: tocila, riga da hayaniya

Abu na farko da ya gwada babbar tocila ce. Idon kada yana ja kamar garwashi idan haske ya doke shi da dare. Kowace asuba sai ya haska tabkin da hanyar ruwan daga cikin jirgi, idan bai ga ido ba ya saki karyar. Wata rana bai ga ko ɗaya ba, da ƙarfe 8 sai ga biyu suna shawagi a gaban bukkar. Kadan da ke ƙarƙashin ruwa ba ya nuna ido, yakan yi minti 10 zuwa 20 a nutse cikin sauƙi, idan hutawa yake yi ma ya fi haka da yawa. Ƙarar injin jirgin kuma ita take sa su nutse, daidai lokacin da yake haskawa.

Na biyu riga ce ta roba mai kaurin milimita 5, irin wadda ake sa wa karnukan ruwa. Don sanyi da kututture aka ƙera ta. A zafin Satumba karyar ta yi ta haki har ya cire mata kafin ƙarfe 9. Ban da haka, kada ba yanka yake yi ba. Damƙa yake yi da haƙora kusan 80, ya ja abin ƙasa har numfashi ya ƙare.

Na uku hayaniya: a bubbuga ruwa da filafili kafin a saki karyar. Tsofaffin maharba suka yi masa dariya. A gefen muƙamuƙin kada akwai ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe masu jin motsin ruwa komai ƙanƙantarsa, ko a cikin duhu, saboda haka fantsama kira ne. Su a ganinsu ma kadojin da suka daɗe kusa da bukka sun riga sun gane cewa ƙarar bindiga na nufin abinci zai faɗo daga sama. Batun harbe shi bai taso ba. Laifi ne a kashe kada ba tare da lambar izini ba, kuma harsashin agwagi ƙananan ƙwayoyin ƙarfe ne da ba su yi wa fatar bayansa komai.

Babban lokacin harbi kwana 60 ne tsakanin Nuwamba da Janairu. A shekarar sanyi ya sauka da wuri, bai sake ganin kada ba har aka rufe. Ya yanke a ransa cewa matsalar ta Satumba ce kaɗai.

## Satumba, shekara ta biyu: an cire babban

A Luwiziyana lambobin izinin kama kada da fili suke tafiya. Hukuma tana ba da su gwargwadon girman fadama da irinta, kuma hayar harbin agwagi ba ta haɗa da su ba. Sai da mutumin ya bi ta hannun mai filin, wanda yake da wani dattijo da ya saba kama masa kadoji duk shekara. A yammacin jihar ana buɗe lokacin ne ranar Laraba ta farko a Satumba.

Dattijon ya kafa gora a bakin hanyar ruwan, ya rataya babbar ƙugiya da ruɓaɓɓiyar cinyar kaza a saman ruwa, igiyar kuma a ɗaure da turke. Ya ɗaga naman sama sosai don ƙananan su kasa kaiwa. A safiya ta biyu ya fito da namiji mai mita 2.9. Aka ɗauki hotuna, aka yi murna.

Kafin ya tafi ya zagaya masaukin. Ya tsaya a kan katakon da suke ɗaure jirgi, ya ga gashin agwagi da ɓawon kifi maƙale a ciyawar gefe. Ya tambaye su ina suke zubar da hanji idan sun gyara abin da suka kama. Suka nuna masa ruwan. Ya ce musu to su da kansu suke kiwon kadojin, kuma duk kadan da ya saba samun abinci daga hannun mutane ya daina tsoron mutane ke nan. A Filorida da Teksas ma laifi ne da ake cin tara a kansa. Ya ƙara da cewa bukkarsu a kan babban titin kadoji take, tunda manyan a ruwa mai zurfi suke zirga-zirga. Sun ji maganar hanjin, ta bukkar kuwa suka bar ta a nan, don tayar da bukka aiki ne.

Bayan kwana 10, ranar da aka buɗe harbin til, suka tarar da kadoji biyu masu kusan mita 2 kowanne a daidai inda babban yake zama. Babban namiji yakan kori ƙanana daga yankinsa, da aka ɗauke shi wuri ya buɗe. A gefen yamma na tabkin kuma suka ji ƙananan 'ya'ya suna kuka ƙit-ƙit a cikin ciyawa, alamar uwa na kusa. An kashe maciji ba a sare kai ba.

Wannan karon ya bar karyar a gida har aka gama kwanakin til. Da kwale-kwale suka riƙa ɗauko agwagi, waɗanda suka faɗa ciyawa da yawa sun ɓace. Zubar da hanji a ruwa ya tsaya na wata biyu. Da sanyi ya shigo suka koma, wai ai kadoji sun yi barci.

## Makon ƙarshe na Disamba, shekara ta biyu: cizon

An yi sanyi a ƙarshen Nuwamba, karyar ta koma aiki, mako uku lafiya lau. Daga nan iska ta juyo daga kudu, daga teku, ta yi kwana shida tana kaɗawa. Da rana zafi yana kaiwa digiri 25 zuwa 26, ana zama a bukka da 'yar shara. Babu wanda ya kawo kada a ransa, ai Disamba ce.

Wajen ƙarfe 9:30 aka harbo agwagwa a fiffike. Ba ta mutu ba, ta nutse ta ɓullo ta nufi hanyar ruwan. Karyar ta zabura ta faɗa ruwa ba tare da an umarce ta ba, ɗabi'ar da maigidanta ya daɗe yana kau da kai a kanta saboda yana ganin himma ce. Ya busa usur sau uku, ko waiwaye ba ta yi ba. Tana shiga zurfin sai suka ga gindinta ya yi ƙasa kamar an fizge shi, ta yi ƙara ɗaya, kanta ya ɓace.

Allah ya sa jirgin yana ɗaure a jikin bukkar, tazarar kuma ba ta kai mita 10 ba. Abokinsa ya tura jirgin, shi kuma ya riƙa caka gorar turi a inda ruwan yake juyawa. A caka ta uku ko ta huɗu ya ji ta daki abu mai tauri. Karyar ta taso, ya kama maɗaukin da ke bayan rigar robar ya jefo ta cikin jirgi. Kadan bai wuce mita 1.8 ba.

Ƙafar baya ta hagu ce. Hudojin haƙora a jere ciki da waje, da yagewa mai tsawon santimita 12 a cinya, ƙashi bai karye ba. Ya naɗe da rigarsa ya danne. Minti 50 suka yi kafin su isa wurin likitan dabbobi. Likitar ta wanke raunin sosai, ta ɗinke wani sashe, ta bar wani a buɗe da 'yar roba don ruwa ya riƙa fita. Ta bayyana masa cewa bakin kada da ruwan fadama cike suke da ƙwayoyin cuta, irin su Aeromonas, kuma idan aka rufe irin wannan rauni ruf sai ya ruɓe daga ciki. Duk da maganin da aka ba ta, a kwana na huɗu ƙafar ta kumbura, aka sake buɗewa aka yanke naman da ya mutu. Mako shida ta yi tana jinya.

Washegarin cizon ya koma fadamar shi kaɗai da ma'aunin zafi irin na masunta. Ya zura shi a bakin hanyar ruwan da ƙarfe 9:30. Digiri 20.

## Fabrairu zuwa Agusta: sabon tsari

Alƙaluman da ya gina tsarinsa a kai na hukumar namun daji ta Filorida ne: kada yakan daina cin abinci idan zafin muhallinsa ya sauka ƙasa da kusan digiri 21, yakan lafe idan ya sauka ƙasa da kusan 13. Lafewar ba barcin wata da watanni ba ce. Da an samu 'yan kwanaki na ɗumi yakan fito shan rana, kuma ruwa marar zurfi mai baƙin taɓo a ƙasa saurin ɗumama gare shi.

Ya rubuta ƙa'idarsa a kwali ya manna a bukka. Karyar ba ta shiga ruwan fadama sai ma'auni ya nuna ƙasa da digiri 13 safiya uku a jere, kuma ana sake aunawa da ƙarfe 9. Idan ya haura, tana zaune a ɗaure da gajeriyar igiya a jikin zoben ƙarfe da ya kafa a bukkar. Hanyar ruwa mai zurfi kuwa ta haramta gare ta a kowane irin yanayi.

Bukkar ma an tashe ta. A watan Yuli suka sake gina ta a kan turaku a tsakiyar tabkin, mita 150 daga hanyar ruwan, inda za a iya ganin fili ta kowane gefe. Sai an bar jirgi mai inji an ƙarasa da ƙaramin kwale-kwale da gora, abin da ɗaya daga cikin abokan bai daina mita a kai ba. Suka kuma amince ba a harbin tsuntsun da zai faɗa ta gabas. Hanji ya koma cikin bokiti mai murfi a tafi da shi gari. Don ranakun da karyar take ɗaure ya tanadi koma mai doguwar ƙota da sandar fatsa mai abin jifa mai ƙugiyoyi da ke yawo a saman ruwa, ya jefa bayan agwagwar ya janyo ta.

Horon karyar ne ya fi cin lokaci. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu: da farko ko kwatamin bakin hanya ba ta son takawa. Ya fara da ita a ruwan da bai wuce idon sawu ba, yana jefa mata sandar roba mita 2, mita 3, yana ƙarawa a hankali. Sai a Mayu ta sake yin iyo. Daga nan ya koma kan abin da ya yi sakaci da shi tun tana kwikwiya. Ya jefa abu goma, ya bar ta ta ɗauko biyu kacal, sauran takwas ya je ya ɗebo da kansa tana zaune tana kallo, har ta gane cewa faɗuwar abu ba izini ba ne. Sannan usur: busa uku a jere, ta saki duk abin da take bi ta juyo. Minti 15 kowace yamma, wata huɗu.

## Shekara ta uku: sakamako

A kwanakin til karyar ba ta taka fadama ba ko sau ɗaya. Ta yi safiya 5 a wata gonar shinkafa da aka cika da ruwa, zurfinsa santimita 15 zuwa 20, inda kada mai girman da zai yi ɓarna ba shi da wurin ɓuya. Can ma sai ya zagaya magudanan gefen gonar da ƙafa kafin ya sake ta, kuma sau ɗaya ya ga sawun jan ciki a kan kunya ya mayar da ita mota.

A babban lokacin ya fita kwana 31. Ma'auni ya ba karyar izini a kwana 17, galibi daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu. Sau biyu ya busa mata usur tana tsakiyar bin agwagwa mai rauni da ta nufi gabas, sau biyun ta juyo. Kadoji suna nan a hanyar ruwan, an gan su suna shan rana a ranakun ɗumi, amma sun daina taruwa a gindin katakon masauki, kuma da jirgi ya doso sai su nutse. Ba a sake samun cizo ko bi ba. Karyar takan ɗan ɗingisa da safiyar sanyi kafin jikinta ya saki.

## Hukunci

Tocila da kallon kalanda kuskure iri ɗaya ne: duka biyun sun dogara da abin da mutum yake gani ko yake zato, alhali jikin kada zafin ruwa yake bi. Ma'aunin da ya warware wannan shi ne mafi arha a duk kayan da mutumin ya saya, kuma sai bayan cizon ya saye shi. Cire babban kada bai yi aiki ba saboda dalilan da suka kawo shi wurin, zurfi da abinci, suna nan bayan an tafi da shi. A fadamar da ke jihar da take da kadoji sama da miliyan 2, gurbi ba ya daɗewa a buɗe. Rigar roba ba ta kare komai ba, maɗaukinta ne kawai ya yi rana.

A ganina abin da ya fi nauyi shi ne abubuwa biyun da dattijon ya faɗa a tsaye a kan katako, wata uku kafin cizon. Da an tashi bukkar a lokacin, da agwagwar nan mai rauni sai ta yi iyon mita 150 kafin ta kai zurfi. Na biyu a nauyi shi ne zaburar karyar, wadda laifin maigidanta ce. Ita kanta tsirar da ta yi akwai sa'a a ciki: kadan ƙarami ne, jirgi na kusa, mutum biyu ne a bukka. Da mai mita 2.9 ne, gora ba za ta sa ya saki ba.

Shekara ɗaya ba tare da cizo ba ba ta isa hujjar cewa tsarin ba shi da ɓaraka ba. Digiri 13 ba katanga ba ce, kadan da aka taka ko aka matsa masa yana iya kai cizo ko a cikin sanyi. Tsarin kuma yana da tsada: kusan rabin kwanakin fita karyar a ɗaure take tana kuka ƙasa-ƙasa, maigidanta yana jifa da fatsa, agwagin da suka faɗa ciyawa a irin waɗannan ranaku wasu ba a samun su. Abokin nan mai mita ya riga ya kawo shawarar a mayar da bukkar bakin hanyar ruwa idan za a sabunta haya, don gwiwarsa ta gaji da turin kwale-kwale a taɓo. Su huɗu ne a hayar, biyu sun ƙi, ɗaya bai ce komai ba tukuna.